Jikina ya yi sauƙi, jinina ya yi nauyi

A gidanmu ba a zubar da kitsen layya. Tun ina yarinya a Tudun Wadar Zariya, idan aka gama suyar nama, Inna takan tace man da ya rage a tukunya ta zuba a wani tsohon kwano mai murfi, ya kwana ya daskare ya yi fari. Kakide ke nan. Da shi ake cin ɗanwake da dambu har tsawon watanni, kuma duk wanda ya taso a gida irin namu ya san ƙamshinsa idan ya narke a kan abinci mai zafi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ba ya kai loma baki sai an ɗora wa tuwonsa man shanu ko kakide. Dogo ne siriri, kullum yana bisa keke daga gida zuwa shagonsa na ɗinki a Sabon Gari. Ban taɓa ganin sa kwance don ciwo ba. A 1998, yana da shekara 52, ya dawo daga sallar asuba ya ce wa Inna ƙirjinsa ya yi masa nauyi, a jiƙa masa kanwa. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti ya cika. Ina da shekara 18 a lokacin. Aka ce ajali ne, muka ce haka ne, kuma har gobe haka ne. Sai dai shekara 24 suka shuɗe kafin a sami wanda ya tambaye ni yadda ya rasu, ya kuma tsaya ya saurari amsar.

Ni malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, da 'ya'ya huɗu. Daga haihuwar autana jikina ya buɗe bai sake komawa ba. A watan Disamba na 2021 na hau ma'auni na ga kilo 94. Ajina yana saman bene, kafin in kai ƙofa sai na tsaya na dafa bango ina mayar da numfashi, gwiwoyina suna ƙara. Ga ƙishirwa, ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Da na je asibiti aka ɗebi jini, likitar ta ce sukarina na safe kafin in ci komai 6.6 ne, kuma daga 7.0 ake kiran sa ciwon sukari. Ina tsaye a bakin ƙofa ke nan. Na san abin da ke bayan ƙofar, domin Inna ta shekara goma sha tana fama, kuma ni na yi jinyarta lokacin da aka yanke mata ɗan yatsan ƙafa. Na fito asibitin nan da tsoro.

A takardar akwai wasu lambobi huɗu a ƙasa. Na maiƙon jini ne: kwalastarol gaba ɗaya 5.9, LDL (nau'insa da ake kira marar kyau) 3.8, HDL (wanda ake kira mai kyau) 1.0, tiragilisaraid (wani kitse da ke yawo a jini) 2.4. Likitar ta zagaye biyu daga ciki da biro ta ce su ma suna son gyara. Na ce to. Gaskiya ban ji ta ba. Idona yana kan sukari. Abin da ya taimake ni kawai shi ne ɗabi'ata ta rubuta lambobi: na kwafe su a bayan littafin da nake shirya darasi, na manta da su.

Wata abokiyar aikina ce ta kawo min maganar keto. Na ga yadda ta zube cikin zango biyu, har ta rage kayanta wajen tela. Ta sa ni a wani zaure na WhatsApp mai mata sun fi ɗari biyu, ana turo hotunan abinci da na ma'auni safe da yamma. Ƙa'idar ba wuya a faɗe ta. A yanke duk abin da ke da sitaci ko zaƙi, kada ya wuce giram 20 a yini, in an sassauta 50, alhali kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kusa giram 45. Idan jiki ya rasa sukarin da ya saba ƙonawa, sai hanta ta koma narka kitse tana fitar da wani abu da ake kira kiton, jiki da ƙwaƙwalwa su rayu da shi. Daga baya na karanta cewa ba don ƙiba aka ƙirƙiro tsarin ba. Wani likita ne a Amurka, Russell Wilder na asibitin Mayo, ya ba shi suna a 1921, don yara masu farfaɗiya, kuma a ƙarƙashin kulawar asibiti ake yi musu. Mu a zaurenmu babu likita ko ɗaya.

Na fara ranar 3 ga Janairun 2022. Ga Bahaushiya, keto yana nufin rabuwa da kusan duk abin da ta sani da sunan abinci: tuwo, shinkafa, waina, fura, kunu, ƙosai, alale, doya, dankali, har rake da mangwaro. Makon farko na sha wuya, ciwon kai da jiri da kasala, bakina yana wani irin wari da asuwaki ba ya kashewa, bayan gida kuma sai in kwana uku. Aka ce min in ƙara gishiri da ruwa, zai wuce. Ya kuwa wuce. Na koyi tuƙa tuwon kabeji da na yalo. Amma babban darasin zauren shi ne kada a ji tsoron kitse, wai shi ne man da zai ƙona kitsen jiki. Na riƙe wannan da hannu biyu. Da safe kofi da cokali biyu na man shanu da ɗaya na man kwakwa, a kaɗa har ya yi kumfa. Ƙwai biyar ko shida a yini, soyayye da man shanu. Idan maigida zai sayo min balangu sai in ce a zaɓo mai kitse. Fatar kaza da yara ke ture wa gefe ni ke cinye ta. Ƙwaƙwalwar saniya, kayan ciki, miyar agushi da manja yana yawo a kai. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ga man shanun da nake saya ya ninka, har ta tambaye ni ko sana'a na fara.

Ba zan ɓoye alherin da na gani ba, domin na gan shi da idona. Wata uku na sauke kilo 12. Azumin shekarar ya zo a Afrilu cikin tsananin zafi, amma ban taɓa yin azumi mai sauƙinsa ba. Yunwa ba ta damuna. In sha ruwa da dabino ɗaya ƙarami, in ci farfesu, yara suna shan kunun tsamiya da ƙosai a gabana raina bai biya ba. Na yi tarawihi a tsaye daga farko har ƙarshe, abin da na yi shekaru ban iya ba. Gwiwa ta daina ƙara. Na sayi na'urar gwada sukari, kullum tsakanin 4.8 da 5.2. Ranar ƙaramar sallah da na je gaida Inna, ta riƙe hannuna ta juya shi tana kallo, ta ce, "Auta, lafiya dai ko?" Na ce mata ban taɓa jin lafiya kamar yanzu ba. Har na fara lallashinta ita ma ta shiga, Allah ya sa ta ƙi.

Babbar sallah ta zo a watan Yuli. Na ci naman layya kamar ba gobe, kuma na roƙi Inna ta ba ni kakiden shekarar gaba ɗaya, domin a zauren an ce kitsen dabba shi ne mai na asali, ya fi duk wani man gwangwani. Ta yi murna ƙwarai, ta cika min kwanon nan nata mai murfi. Na koma suya da shi safe da dare. A ƙarshen Agusta, kafin a koma makaranta, nauyina ya sauko kilo 71. Na shirya na koma wajen likitar nan, ba don ina jin komai ba, sai don in nuna mata sukarina. Na kwana ban ci komai ba kamar yadda ake so, aka ɗebi jini, na dawo bayan kwana biyu da sabon leshi a jikina.

Ta yi min barka da gaske. Ta ce sukari ya koma daidai, tiragilisaraid ya faɗo daga 2.4 zuwa 0.9, HDL ya hau daga 1.0 zuwa 1.6, kuma duk waɗannan riba ce. Sai ta yi shiru tana kallon takardar. Ta juyo da ita gabana ta sa bakin biro a kan layi biyu. Kwalastarol gaba ɗaya 9.6. LDL 7.6.

"Malama, me kike ci?"

Na zayyana mata, tun daga kofin safe har kakide. Ta rubuta ba ta katse ni ba. Ta ce ana son LDL ya tsaya ƙasa da 2.6 in da hali, kuma daga 4.9 zuwa sama likita ba ya jira, ko mutum yana da wani ciwo ko ba shi da shi. Nawa ya ninka cikin wata takwas. Na ce mata, "Likita, amma ni fa ba na jin komai. Na fi da ƙarfi." Ta ce ai shi ba a jin sa. Ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, ba ya hana barci. Yana shiga bangon jijiyoyin jini ne a hankali, shekara bayan shekara, ya yi tudu ya ƙuntata hanya, ranar da tudun ya fashe jini ya daskare a wurin, in a zuciya ne bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki. Sannan ta ajiye biro ta tambaye ni, "Mahaifinki yana raye?"

Na ce ya rasu. Ta ce yana da shekara nawa, kuma me ya same shi? Na soma ba ta labarin asubar nan, nauyin ƙirji, kanwa, gumin da ya jiƙa masa riga alhali ana sanyi. Ina cikin faɗa na ji muryata tana rawa, domin a karon farko ni kaina na ji abin da nake bayyanawa. Ta bar ni na gama. Ta ce ba za ta iya yanke hukunci kan wanda ba ta gani ba, amma idan uba ko ɗan'uwa namiji ya sami ciwon zuciya kafin shekara 55, likitoci suna ɗaukar hakan a matsayin alama ga 'ya'yansa da 'yan'uwansa. Ta ce akwai wani nau'in hawan kwalastarol na gado da ke samun kusan mutum ɗaya cikin 250, yawancinsu ba su sani ba, kuma ko ba shi ba ne, akwai gidajen da jininsu ke saurin tarawa fiye da na wasu. Ta duba fatar idona, ta lalubi jijiyar dunduniyata, ta tura ni gwajin ƙoda da na tayirod, wato ƙullin nan na maƙogwaro da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin rauninsa ma yana tayar da LDL. Duka suka fito lafiya. Saura abinci da gado.

Bayanin da ta yi min a zama na biyu shi ne ya zauna min a kai. Ta ce kwalastarol ba dafi ba ne, jiki yana buƙatarsa, kuma mafi yawansa hanta ce ke yin sa, ba daga kwano yake zuwa ba. LDL shi ne abin da ke ɗauke da shi cikin jini. A jikin hanta akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke kama LDL su fitar da shi daga jini. Idan mutum ya yawaita cin kitse mai daskarewa, hanta tana rage waɗannan ƙofofi, sai LDL ya yi ta yawo ba mai kwashe shi. Na tambaye ta yadda zan gane kitse mai daskarewa. Ta ce, "Ki shiga kicin ɗinki da safe lokacin hunturu. Duk man da kika tarar ya yi barci, shi ne." Na lissafa a zuci: man shanu, kakide, man kwakwa, manja. Duk abin da na gina watanni takwas a kansa. Man gyaɗa da man riɗi da na zaitun kuwa, waɗanda zauren ya sa na rage, kason mai daskarewa a cikinsu kaɗan ne. A man gyaɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, a manja kusan rabi ne, a man kwakwa ya haura kashi 80 cikin 100. Na ce mata ai a jikin kwalbar man kwakwa an rubuta babu kwalastarol. Ta ce gaskiya suka rubuta, duk man da ya fito daga tsiro ba shi da kwalastarol, amma hakan bai hana shi sa hanta ta bar na jini ya taru ba. Ta kuma gyara min wani tunani da na taso da shi, cewa kitse yana daskarewa a jijiya kamar yadda yake yi a kwano. Ba haka ba ne, ta hanyar hanta yake aikinsa.

A daren na ɗauki hoton takardar na tura zauren. Na zaci za a tausaya ko a ja hankalin wasu. Amsar da na samu ita ce kada in damu, wai likitoci tsohon karatu suke yi, wai tunda tiragilisaraid ya sauka HDL ya hau to LDL ɗina irin manya-manyan ƙwayoyi ne marasa lahani, wai kamfanonin magani ne ke tsorata mutane. Aka turo min bidiyoyin Turawa guda shida. Wata ta ce nata ma 8 ne kuma ga ta garau. Da na rubuta cewa mahaifina ya rasu yana da 52, kuma ya kamata kowa ta je ta yi gwaji, sai aka goge saƙon, aka ce ana hana yaɗa tsoro. Wannan ya yi min ciwo, har yanzu yana yi. Mata sama da ɗari biyu, wasu da hawan jini, wasu suna shayarwa, wasu suna shan maganin sukari, ana koya musu shan man shanu a kofi, kuma a cikin dokokin zauren kaf babu layi ɗaya da ya ce a gwada jini kafin a fara, a sake bayan wata biyu ko uku. Na kai wa likitar maganar manyan ƙwayoyi. Ta ce manya da ƙanana duk suna shiga bangon jijiya, abin da ya fi ƙarfi shi ne yawansu da tsawon shekarun da suka yi suna yawo, kuma hawan HDL ba ya goge LDL na 7.6. Da na gaya mata na so in sa Inna a tsarin, sai ta ɗago da sauri. Ta ce mai shan maganin sukari ko yin allurar insulin idan ya yanke sitaci ba tare da an rage masa magani ba, sukarinsa zai iya faɗuwa ya suma. Na tuna yadda na yi ta matsa wa tsohuwar nan, jikina ya yi sanyi.

Duk da haka na yi mako guda ina jayayya da kaina. Tsorona ɗaya ne, kada kilo 23 su dawo, kada in koma dafa bango. Maigida ne ya zaunar da ni bayan isha'i. Ya ce, "Maman yara, ke ce mai lissafi a gidan nan. Lambar sukari kin yarda da ita saboda ta yi miki daɗi. Wannan ma daga jini ɗaya aka ɗebo ta, a takarda ɗaya take." Ban ba shi amsa ba, amma washegari ban kaɗa kofi ba.

Ranar Juma'a na tafi Tudun Wada. Na sami Inna tana tsince zogale a tsakar gida. Na zauna ina taya ta, na tambaye ta ko Baba ya taɓa kukan wani abu kafin rasuwarsa. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Ta ce a shekararsa ta ƙarshe, idan ya hau tudu da keke yakan sauka ya tura, ya ce iska ce ta tokare shi. Sannan ta kai yatsa gefen idonta, kusa da karan hanci, ta ce, "Akwai wani abu da ya fito wa mahaifinku a nan, ido biyun, kamar an ɗiga ƙwanduwar ƙwai. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Mun ɗauka zanen halitta ne." Shi ne abin da likitar ta duba a fatar idona. Ta ce min tarin kwalastarol ne a ƙarƙashin fata, kuma sau da yawa yana nuna na jini ya yi yawa. Inna ta kuma tuna min da Baffa, ƙanin Baba, wanda ɓarin jikinsa ya shanye bai kai sittin ba. Na san labarin Baffa tun ina ƙarama, na yi masa wanki ma, amma ban taɓa haɗa shi da na Baba ba. Na mayar mata da kwanon kakide, saura rabi. Ta karɓa ba ta ce komai ba, ta rufe shi ta tura ƙarƙashin gado.

Likitar ba ta ce in koma tuwo da shinkafa uku-uku ba. Ta ce mu canza mai tukuna, mu ga abin da jikina zai yi cikin wata uku. Na daina man shanu da kakide da man kwakwa ɗungurungum. Manja cokali ɗaya a tukunyar miyar gida gaba ɗaya. Suya ta koma man gyaɗa, ita ma kaɗan. Nama a cire kitse, kaza a cire fata, ƙwaƙwalwa da kayan ciki na bar wa masu so. Kifi ya shigo sau uku a mako, titus ko sadin. Ƙwai ɗaya a yini, wata rana babu. Gyaɗa da riɗi da fiya suka zama abin taɓawa. Sannan ta ce in dawo da wake, in dawo da ɗan gero ko acha sau ɗaya a yini, gwargwadon dunƙulen hannuna. Ta yaba wa miyar kuɓewa ƙwarai. Ta ce hanta tana amfani da kwalastarol wajen yin ruwan maɗaciya, kuma yauƙin kuɓewa da harzar wake suna riƙe wani kaso na ruwan nan a hanji su fita da shi, sai hanta ta jawo wani kwalastarol daga jini don ta yi sabo. Na yi mamakin jin cewa miyar da muke raina wa a matsayin ta ranar da babu cefane tana cikin maganina. Wannan tsarin ba keto ba ne kuma, na sani, domin sitacin ya haura abin da zai bar jiki cikin kiton. Amma burodi da lemon kwalba da sukarin shayi da cincin ban koma musu ba har yau.

A Disamba aka sake gwaji. LDL ya sauko daga 7.6 zuwa 4.5. Tiragilisaraid 1.1, HDL 1.5, sukari 5.3. Kilo uku suka dawo, suka tsaya a nan. Na yi murna, na ɗauka an gama. Likitar ta ce abinci ya yi nasa, ya cire abin da shi ya ƙara, amma ragowar tawa ce ta gida, kuma da tarihin Baba da Baffa ba za ta bar ni a 4.5 ba. Ta kawo maganar magani. Na ƙi da farko, saboda abin da na sha ji a zauren, cewa yana lalata hanta kuma in an fara ba a dainawa. Ta ce zai rage kwalastarol ɗin da hanta ke yi, sai ita hantar ta ƙara buɗe ƙofofin nan ta kwashe na jini. Ta ce wasu suna samun ciwon tsoka, in na ji in dawo a canza, kuma za a duba hantar. Ta tambaye ni ko ina da niyyar ƙara haihuwa, domin ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Na ce na rufe in sha Allahu. Na fara atorvastatin, miligiram 20 kowane dare. A watan Maris na 2023 LDL ɗina ya zama 2.5. Na rubuta shi a bayan littafin darasi, ƙarƙashin 3.8 da 7.6 da 4.5.

Abokiyar aikina da ta kawo ni keto ta ji tsoro da ta ga takardata, ta je ta yi nata. LDL ɗinta 3.3, alhali kafin ta fara 3.1 ne. Kusan abinci ɗaya muke ci, kofi ɗaya muke kaɗawa, har Bafulatana ɗaya ke kawo mana man shanu. Likitar ta ce haka abin yake: yawancin masu wannan tsari tiragilisaraid ɗinsu yana sauka, HDL ya hau, amma LDL kowa da nasa, wani ya tsaya, wani ya ɗan hau, wani ya yi tashin gwauron zabi, kuma an fi ganin babban tashin ga marasa ƙiba ko waɗanda suka riga suka zube. Shi ya sa ba na iya cewa keto mugun abu ne, kuma ba na yarda a ce min lafiya lau ne ga kowa. Ya janye ni daga bakin ciwon sukari, wannan ba zan musa ba. Abin da ba zan yafe wa kaina cikin sauƙi ba shi ne wata takwas da na yi ina auna nauyi kullum, ina auna sukari kullum, ban auna abin da aka zagaye min da biro tun ranar farko ba.

Likitar ta ce in gaya wa 'yan'uwana su yi gwaji, har 'ya'yanmu, domin a gida mai irin tarihinmu ana fara duba yara tun suna wajen shekara goma. Nawa manyan biyu an duba su, na fari lafiya, ta biyun nata ya ɗan hau, ana bibiyarta. Yayata mace da ke aure a Funtuwa nata 3.0. Babban yayanmu kuwa, wanda ya ɗauko jikin Baba sak, dogo siriri, bai taɓa jin sunan keto ba, tuwonsa yake ci dare da rana, nasa ya fito 5.6. Da ya kira ni ya ce, "Auta, wai ni da ba ni da ko tumbi?" Na ce, "Yaya, Baba ma ba shi da shi." Ya yi shiru a waya har na zaci layin ya yanke. Yanzu yana shan magani, ko da yake idan ya ƙare sai na kira matarsa na tuna mata.

Saura Yaya na biyu, wanda ke kasuwanci a Kano. Sau huɗu ina tura masa kuɗin gwajin yana mayar min. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, wanda ya je neman ciwo a asibiti zai same shi. A watan da ya wuce matarsa ta gaya min a ɓoye cewa idan ya hau benen shagonsu yakan tsaya a tsakiya ya dafa ƙirji, ya ce iska ce. A bana zai cika 51. Na gaya wa Inna, ta ce in shirya ranar Asabar, da ita za mu tafi, kuma kada in sanar da shi muna zuwa.